Na Je Yamai, Mai Masaukina Ya Kashe Waya

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ana sallame salla muka nufi tashar motocin Illela, ni da wani dattijo maƙwabcina da zai je duba 'yarsa da ke aure a Yamai. Shi ya saba da hanyar, kusan duk shekara sai ya je. Ni kuwa ban taɓa tsallaka iyaka ba, duk da na fi shekara ashirin ina yi wa mutum ɗaya alkawarin zuwa.

Mutumin shi ne Isufu. Asalinsu 'yan Tawa ne, amma a Yamai aka haife shi. Karatu ya kawo shi Sakkwato muna samari, muka yi shekara uku a ɗaki ɗaya muna ci a tukunya ɗaya. Da ya gama ya koma gida ya karɓi rumfar mahaifinsa a kasuwar Katako, ni kuma na kama koyarwa. Ya zo bikina, ya zo sunan ɗana na fari, ya zo ta'aziyyar mahaifiyata. Ni ko sau ɗaya ban rama ba. Isufu mutum ne mai surutu, idan ya turo saƙon murya sai ka nemi wurin zama. To wajen wata uku da suka wuce sai muryar ta ɗauke, ya koma rubutu, gajere gajere. Na ɗauka hidimar kasuwa ce. Da aka ba mu hutun makaranta sai ga saƙo: "Malam Bello, ka zo cikin wannan hutun. Don Allah kar ka ɗaga." Na amsa cewa ina tafe ranar Talata. Aka rubuto cewa za a tarbe ni a tasha.

A Illela muka yi canji. Na miƙa damin naira, aka miƙo mini 'yan takardun sefa da ko aljihun gaba ba su cika ba, har na tsaya ina jiran ciko. Mai canjin ya ce, "Malam, shi ke nan fa." Daga nan muka hau babur zuwa shinge. Wani jandarma dogo ya karɓi katina, ya juya shi gaba da baya, ya yi mini tambaya da Faransanci. Na yi tsuru tsuru. Sai ya sake ta da Hausa tsantsa wadda ta fi tawa: wurin wa za ni, wace unguwa? Na ce wurin abokina Isufu, a Lazare. Ya ce ina ne a Lazare? Ashe ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba. Abokin tafiyata ya sa baki ya ce tare muke, aka ba ni katina.

A Birnin Ƙonni muka shiga babbar mota, wadda su suke kira kar. Layin wayata na gida ya mutu tun muna cikin gari. Damina ta yi kyau bana, gero ya yi kore shar hagu da dama, ga tabkuna a gefen hanya shanu na sha. Abin da ke cin lokaci shi ne shingaye. Duk inda aka tsaya sai kowa ya sauka, a tattara katuna, ku taka da ƙafa zuwa gaba, a riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Nawa kullum yana cikin na ƙarshe, kullum kuma sai gabana ya faɗi kafin a kira.

A Dogon Dutsi na ari wayar abokin tafiyata, shi yana da layin can. Na kira Isufu. Ta yi ƙara har ta katse. Na sake, haka. Na ce wataƙila yana cikin ciniki. A Doso aka tsaya salla da cin abinci, na sayi gasasshen naman rago da burodi irin nasu mai tsawo kamar sanda, wanda ɓawonsa ke yanka dasashi. Ban kai rabi ba na sake kira. Wannan karon wata mace ce ta yi dogon bayani da Faransanci. Dattijon ya ce, "Cewa ta yi a kashe take."

Daga Doso zuwa Yamai ban san me na gani ba. Akwai inda 'yan mota suka ruɗe suna leƙa taga, wai ga raƙuman dawa can cikin gonaki. Na ɗaga kai na ga dogayen wuya biyu sun wuce, na mayar da kaina. A lokacin ina karanta tsofaffin saƙonninmu ne, kuma na tsinci abin da ya kamata in tsinta tun tuni. Tun da muke Isufu bai taɓa ce mini Malam Bello ba. Basakkwace yake ce mini, ko a gaban surukaina. Duk saƙonnin wata ukun nan kuwa Malam Bello ne. Na fara tunanin ko an sace wayarsa ne, wani ya jawo ni wata ƙasa don wata manufa. Na tuna labaran da ake ji. Na tuna na faɗi ranar da zan zo da motar da zan hau.

Mun shiga Yamai dab da magariba. Tasha cike da masu tarba, kowa na rungume nasa. Na tsaya kusa da jakata ina duba fuskoki har aka watse. Surukin abokin tafiyata ya iso, wani Bazabarme mai fara'a, ma'aikacin gyaran famfo. Da aka yi masa bayani bai ma bari an gama ba, ya ɗauki jakata ya jefa a bayan motarsa. Haka na zama baƙon baƙo.

Gidansu a Kirkisoye yake, tsallaken kogi. Muna kan gada na ga ruwan ya cika ya yi jajir, faɗinsa ya ba ni tsoro. A unguwar an jera buhunan yashi a bakin wasu gidaje, mai gidan ya ce kowace safiya kafin ya karya sai ya je ya duba inda ruwa ya kai. An kawo mana dambu da zogale, wanda su suke ce wa kopto, an yayyafa ƙuli da mai. Abinci ne mai daɗi, na san da haka, amma loma kaɗan na yi. Hausar mai gidan ta kasuwa ce, yana ce wa matarsa kai, ya ce mini ke, ba ya ko damuwa. Ya ce, "Malam, ki ci. Gobe mu nemo shi. Yamai ba ya ɓatar da mutum."

Da safe ya sauke ni a bakin kasuwar Katako ya wuce aiki, bayan ya rubuta mini lambarsa a takarda. Jama'a, wanda bai ga Katako ba ba zai gane ba. Katakai jibge har sun fi tsayin mutum, ƙarar zarto, maƙera na buga tukwane da akwatunan ƙarfe, masu amalanke na ihu a ba su hanya, ga taɓon ruwan jiya har idon sawu. Na fara tambayar Isufu mai katako. Aka kai ni wurin Isufu na farko, wani gajere ɗan Maraɗi. Na biyu ya tafi Makka. Na uku ya ba ni kujera da shayi kafin ya gane ba sayayya na zo ba. Sai da na ce ɗan Tawa ne, wanda ya yi karatu a Najeriya, sannan wani ya ce, "Af, Isufu Ingilishi!" Ashe sunan da suka sa masa ke nan.

Rumfar a rufe take da kwaɗo, ruwa ya fara cin katakan da ke waje. Maƙwabcin rumfar wani tsoho ne ɗan Damagaram, yana zaune yana jan carbi. Na yi sallama na faɗi ko ni wane ne. Ya ɗago ya dube ni.

"Kai ne na Sakkwato? Yana yawan zancenka. Ba a gaya maka ba?"

Na ce, "Baba, rasuwa ya yi?"

"A'a, da ransa. Tansiyo ce ta kayar da shi, nan inda kake tsaye. Mu muka ɗauke shi."

Hawan jini yake nufi. Ya ce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Sun je dubiya su shida bayan an sallamo shi daga asibiti, aka ce yana barci. Suka koma, aka ce yana barci. Daga nan suka gane ba a so a gan shi ne. Ya kwatanta mini gidan: in sauka a kasuwar Lazare, in bi bayan masu kayan miya, layi na uku, ƙofa shuɗiya mai bishiyar dogon yaro.

Tasin Yamai sai mai haƙuri. Za ka tsayar, ka leƙa ka faɗi unguwar da za ka, idan ba hanyarsa ba ce direba ko kallonka ba zai sake yi ba, sai dai ka ga ya ja mota. Huɗu suka yi mini haka kafin na biyar ya gyaɗa kai. A cikin motar abu ɗaya nake juyawa: mutumin da hannunsa na dama ya shanye, wa ke rubuto mini saƙo?

Matarsa ce ta buɗe ƙofa, Hajiya Mariyama. Sau ɗaya na taɓa ganinta, da suka zo sunan ɗana. Tana ganina ta dafe baki. Ta shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ta kawo ruwa, ta tsuguna nesa kaɗan. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Malam, ka yafe mini. Ni na rubuta. Duka ni ce."

Ta yi maganar ƙasa ƙasa tana waiwayen wata taga. Ta ce tun da abin ya faru ya hana kowa ganinsa, har 'yan'uwansa na Tawa sai dai su zauna a waje su tafi. Mai motsa masa jiki da likita ya haɗa su da shi, sau biyu ya zo Isufu ya kore shi. Abinci sai an yi da gaske. Ita kuma ta rasa yadda za ta yi, sai ta tuna babu wanda yake ambato yana dariya kamar ni. Ta ji tsoron idan ta faɗa mini gaskiya zan kira, shi kuma ya hana ni zuwa. Jiya da safe, ina kan hanya, ta gaya masa. Ya fizge wayar da hannun hagu ya tura ƙarƙashin filo, ya ce duk wanda ya je tasha bai yafe ba.

Ta shiga ta gaya masa na iso. Ina jin muryarta tana lallashi. Sai na ji wata murya mai nauyi, kamar ta mai magana da abu a baki, ta faɗi kalma ɗaya sau biyu. Ban gane kalmar ba, amma na gane nufinta. Na zauna a tabarmar nan tun hantsi har la'asar. Aka kawo shinkafa na taɓa. Ba a kira ni ba.

Ba zan ɓoye muku ba, a hanyar komawa Kirkisoye haushi nake ji. Haushin Hajiya da ta rufe ni, haushin Isufu da na ratso ƙasa guda ya bar ni a tsakar gida. A ƙarƙashin haushin kuma akwai tsoro: idan an ce in shiga, me zan gani, kuma me fuskata za ta nuna masa? Na ce wa abokin tafiyata gobe zan nemi motar Ƙonni. Dattijon yana yanke farce, bai ɗago ba ya ce, "Shi sau nawa ya zo maka?" Na ce uku. Ya ce, "To kai yau ɗaya ka yi."

Washegari na koma. Aka sake shimfiɗa tabarma. Hajiya ta zauna daga gefe tana tsinke zogale, sai ta tambaye ni yadda muka yi zaman makaranta. Na fara ba ta labari, tun ina yi a hankali har na manta da tagar. Na gaya mata yadda na koya wa mijinta hawan babur a filin makaranta, ya kwasa da gudu ya faɗa cikin gonar rogon wani malami, aka kama mu.

Daga cikin ɗaki aka ce, "Ƙar... ya."

Hajiya ta saki zogalen.

"Kai... ka... faɗa."

Wallahi gaskiyarsa. Ni na faɗa gonar rogon. Shekaru sun sa na juya labarin har na yarda da shi a haka. Na tashi na tsaya a bakin ƙofa na ce, "To in ƙarya nake, a bar ni in shigo a gyara mini." Sannan na ji, "Shigo... Basakkwace."

Yana kwance a katifa a ƙasa, an jingina shi da filo biyu. Mutumin da na sani ƙato, mai cika ƙofa, ya koma rabi. Gefen bakinsa ya zube, hannun dama na kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Idanun ne kawai na da, kuma suna kan fuskata suna jiran su ga abin da zan yi. Duk abin da na shirya faɗa ya gudu. Na zauna a gefen katifar na kama hannun da ba ya motsi, na ce, "Ka rame." Ya ce, "Kai... ka yi... tumbi." Sai ya fara dariya, dariyar ta juye kuka, ni ma na kasa riƙewa. Hajiya ta saki labule ta bar mu.

Kwana huɗu na yi a gidan, a ɗakin baƙi. Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. A kwana na biyu ya yarda mai motsa jikin ya dawo, wanda suke kira kine, ni ina riƙe da kafaɗarsa ana lanƙwasa ƙafar yana zufa yana zagina. Na ji daɗi har na fara ganin kaina gwani. Da yamma yana ƙoƙarin gaya mini wani abu, kalmar ta maƙale, na ga yana wahala sai na ƙarasa masa. Ya sake farawa, na sake ƙarasawa. Kafin in ankara ya ɗauki kofin da ke gefensa ya yi jifa da shi a bango. Ya juya fuska, bai ƙara ce mini uffan ba ranar. Na fita tsakar gida ina ganin na rushe abin da aka samu. Hajiya tana kwashe ruwan da ya zube ta ce, "Ni ma sai da aka jefe ni da shi sau biyu kafin na koya. Ka bar shi ya kai da kansa, ko zai kwana."

A kwana na uku, bayan la'asar, ya ce a fitar da shi ƙofar gida. Ni da kine muka tallafe shi zuwa kujera a ƙarƙashin dogon yaron. Mutanen layi suka fara tsayawa, masu Hausa na sannu, masu Zabarmanci na fofo. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta ajiye tirenta ta riƙa share hawaye. Ina kallon hannunsa na hagu yana damƙe da hannun kujera har jijiyoyi sun tashi. Bai fi minti goma ba ya ce a mayar da shi. A ciki ya ce ba zai sake fita ba. Washegari kuma ya ce a fitar da shi.

Ranar da zan taho na shiga sallama. Na yi niyyar in ce masa zai warke sarai ya koma rumfarsa, amma ban san haka ba, shi ma ya san ban sani ba. Sai na ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ce amin. Hajiya ta rako ni har kasuwar Lazare da ƙullin kilishi, ta sake cewa in yafe mata. Na ce ni ya kamata in nemi yafiya, wata uku abokina na kwance ban ɗaga waya na ce bari in ji muryarsa ba.

Abokin tafiyata ya ƙara mako wurin jikokinsa, don haka ni kaɗai na dawo. Shingayen nan dai suna nan, sunana na cikin na ƙarshe kamar kullum. Na shiga Sakkwato ana kiran isha'i. Yara suka taru suna tambayar yadda Yamai take, manyan gine-gine da gidan namun daji da suka ji labari. Na ce ban ga ko ɗaya ba. Abin da na gani shi ne gada, kasuwa biyu, da tsakar gida ɗaya.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Idan za ka wurin aboki a wata ƙasa, ka san ƙofar gidansa, ba lambar wayarsa kaɗai ba. Ka kuma sani wanda za ka tarar ba lallai ya zama wanda ka bari ba, kuma ba lallai ya yi murna da ganinka a ranar farko ba. Har yanzu hankalina bai kwanta ba, don likita ya gaya wa Hajiya abin na iya dawowa, duk sanda na ga lambar Nijar a wayata sai gabana ya faɗi.

Jiya ma ta shigo ina cikin aji, na fita da sauri. Shi ne da kansa. Ya yi sallama, sannan ya maƙale. Ina jin numfashinsa, ina jin yana kokawa da kalmar. Na cije leɓe na jira.

"Ka bar... takalminka... na wanka."

Na ce to a ba direban Ƙonni ya kawo mini.

"A'a," in ji shi. "Ka zo... ka ɗauka."